Dalilin da Ya Sa Ba a Amsa Kira a Ramin Zumurrudu

Ku matso, yara, ku ji dalilin da ya sa masu haƙar zumurrudu a Tsaunin Gwarka ba sa amsa kira in suna cikin rami.

Da can ba a haƙa. Dutsen nan mai daraja a bakin rafi yake zube, kore da ja. Akwai wani mutum, Jatau, da jan ya shiga ransa. Ba sayarwa yake yi ba, tarawa yake a akushi, daga mai ja kaɗan har mai ja sosai. Saura guda ya rasa, mai duhu kamar daskararren jini.

Ran nan da tsakar rana ya tarar da wata tsohuwa zaune a gindin tsaunin. Ya duba, ba ta da inuwa.

Ya ce, "Sannu, Iya."

Ta ce, "Abin da kake nema yana nan ƙarƙashina. Haƙa ka ɗauka. Amma na ƙasa suna kira. Duk wanda ya amsa musu, nasu ne."

Jatau ya yi kwana uku yana haƙa. A rana ta huɗu matarsa Lantana ta kawo masa fura, ta tsaya a bakin ramin. Ta hango shi durƙushe, dutsen a tafinsa yana ƙyalli. Ba ta buɗe baki ba, sai ta ji muryarta, tata ta kanta, ta fito daga ƙasan ramin.

"Maigida, ga fura."

Jatau bai ɗaga kai ba ya ce, "Na'am."

Lantana ta yi ihu, "Ba ni ba ce!"

Ina! Ƙasa ta buɗe a hankali, ta haɗiye shi har kai, ta koma ta rufe. Lantana ta ruga gida neman agaji, ta tarar da akushin wayam. Duwatsun bakin rafi ma duk sun nutse cikin ƙasa. Mutanen gari suka yi wata guda suna haƙa, ko hularsa ba su gani ba.

Shi ya sa har yau sai an sha wuya a rami kafin a samu koren, jan kuwa sai a shekara ba a gan shi ba. Kuma in kana ƙasa, ko muryar mahaifiyarka ka ji, ka yi shiru. Mai nemanka da gaske igiya yake ja.