Ɗakin Da Ba Shi Da Taga

An yi wani mutum mai sana'ar labule. Shi ke awo, shi ke yanka, shi ke ɗinkawa, shi kuma ke hawa tsani ya rataya. Hannunsa da kyau, wannan ba a musu. In ya yi wa taga labule, sai ka ji kamar ka gaishe ta kafin ka wuce.

Ya 'yan uwa, bari in faɗa muku abin da mutumin nan yake da shi, ku auna da kanku. Yana da ɗan shago da keken ɗinki. Yana da babur, tsoho ne, amma in an lallaɓa shi yana tashi. Gidan da yake ciki ba haya ba ne. Mahaifinsa tsohon magini ne, shi ya ɗora bulo a kan bulo da hannunsa: ɗaki biyu, da sito, da 'yar tsakar gida. Ba a taɓa wayar gari ba a ɗora tukunya ba. Yaransa suna zuwa makaranta da takalmi a ƙafa. In ciwo ya shigo, ana sayen magani ba tare da an buga ƙofar maƙwabci ba. Nama ba kullum ba, amma ba a manta ɗanɗanonsa ba.

To ku gaya mini, wannan talaka ne? Mai kuɗi ne? Ba ɗaya ba ne. Shi ne abin da muke kira rufin asiri. Da yawanmu da ke zaune a nan a kan wannan matakin muke, wasu kuma addu'arsu kullum ita ce Allah ya kai su nan.

Ta ƙofar sana'arsa cutar ta shigo masa. Wa ke kiran mai labule ya zo ya auna masa taga? Ba maƙwabtansa ba. Su ƙusa biyu ce da tsohon zane, an gama. Masu kiransa su ne waɗanda falonsu kaɗai zai haɗiye gidan ubansa. Kullum sai ya cire takalmi a irin waɗannan gidaje, ya taka tayal mai sanyi, ya hau tsani yana kallon ɗakin daga sama. Da farko yakan dawo da labari yara su yi ta dariya: wai ya ga gidan da takalma ke da ɗakinsu su kaɗai, har da fitila. A hankali dariyar ta ƙare. Ya fara shigowa gidansa yana kallon bango kamar bangon ya zage shi.

Sai wata kalma ta zauna masa a baki. Kowa. Kowa yana da falo sai shi. Kowa yana da kujerun kushin. Kowa yana da inda zai sauki baƙo.

Matarsa mace ce mai haƙuri, amma bakinta bai mutu ba. Ta ce, "Baban yara, wai kowan nan a wane layi yake zaune? Ka nuna mini in je in gaishe da matarsa, don ni ban taɓa cin karo da su a unguwar nan ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce ita ba ta shiga ko'ina, shi ya sa ba ta san an bar su a baya ba.

Kun ga inda lissafinsa ya karkace? 'Yan gidajen da yake shiga ya ɗauka su ne duniya. Dubban gidajen da yake wucewa a kan babur, masu tsohon zane a taga, waɗannan idonsa bai taɓa ƙirga su cikin mutane ba. Mutumin da abincinsa awo ne, sai ga shi ya kasa auna gidansa.

Babban ɗakin gidan, na gaba, na mahaifinsa ne, tsohon maginin nan. Shi ya yi masa taga mai faɗi tana kallon titi. Ƙurar simintin da ya shaƙa a rayuwarsa ta bar masa ciwon ƙirji, likita kuma ya ce abin da yake buƙata ya fi magani arha: iska da rana. Da safe yakan buɗe tagar, ya zauna a bakin gadonsa na ƙarfe, duk wanda ya wuce ya sha gaisuwa, har da waɗanda ba su nema ba. A ɗakin ake cin abinci. A nan jikokinsa ke yin aikin makaranta, manyan cikinsu ma a nan suke shimfiɗa tabarma su kwana. Babu abin ado a ciki. Rediyo ce, da buta, da cokalin gininsa da gudumarsa a rataye, ya ƙi rabuwa da su.

Wata rana da hantsi mutumin nan ya shiga ɗakin da tef ɗin awo, ya fara auna tagar.

Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Yau kuma ni aka tuna? Bar ta haka, ɗana, ni iska nake so."

Ya ce, "Baba, falo zan yi a nan. Duk gidan mutunci yana da falo. Ni ko baƙo ba na iya kawowa."

"To ni fa?"

"Na share maka sito. Na ɗan lokaci ne, kafin in gina maka wani."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Siton nan ni na gina shi. Ban yi masa taga ba, don buhu ba ya numfashi." Sai tsohon ya sauke kai ya ce, "To, gidanka ne yanzu. Allah ya yi maka albarka."

Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai na ji zuciyata ta yi nauyi. Ina ma ya zage shi? Da zagi ne, wataƙila da ya farka. Albarka ya sa masa, ya tashi ya ɗauki butarsa da kansa.

Matar ta yi kuka, ta ce a ba Baba ɗakinsu, su su koma siton. Mijin ya ce gadonsu da akwatuna ba za su shiga ba. Tsohon kuma ya ce ba zai fitar da surukarsa da jikokinsa don kansa ba. Haka aka kai gadon ƙarfe sito. Yara suka cunkushe a ɗakin uwarsu. Kujeru suka sami ɗaki, mutane suka rasa.

Zunubi kuma ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya kira ɗan uwansa. Don a sayi kujerun, nama ya bar tukunya. Don a sami labule, hannunsa ya fara shiga yadin mutane. Taga ta ci yadi kaza, ya ce ta ci fiye. Akwai wata Hajiya da ta daɗe tana ba shi aiki, ita ce ma ta haɗa shi da ƙawayenta. Ta kawo masa wani yadi kore mai nauyi da zaren zinariya, daga tafiya ta taho da shi, babu irinsa a kasuwa. Ya gama mata aiki ya ce yadin ya ƙare cif, ko ƙyalle bai yi saura ba. Ta yarda, don ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba. Abin da ya rage shi ya rataya a tagar ubansa, ya ninka shi biyu har rana ta daina shiga.

Falo ya yi kyau, ba zan ɓoye muku ba. Ko ledar kujerun bai cire ba. Ya kulle, mabuɗi a aljihunsa, kada yara su ɓata. To wa ya zo? Masu manyan gidaje ba sa kai wa mai labule ziyara. Abokansa kuwa sau ɗaya suka shiga, suka zauna a ɗarare kamar masu jiran likita, daga nan suka koma bencin ƙofar shago inda mutum zai iya miƙe ƙafa.

Damina ta sauka. Bangon sito ya fara tsattsafo da ruwa. Tarin tsohon da ake ji jefi-jefi ya zama shi ne sautin gidan. Da farko yana jan kujera 'yar tsugune ya fito tsakar gida. Daga baya ƙafa ta ƙi. Masu wucewa a titi suka riƙa kallon koren labule suna tambayar juna ko tsohon ya yi tafiya.

Matar ta tare mijinta yana shirin fita. Ta ce, "Ka san abin da Baba ya tambaye ni ɗazu? Cewa ya yi, 'Yata, rana ta fito kuwa? Tsakar rana fa, baban yara. In ba za ka mayar da shi ɗakinsa ba, don Allah ka fasa masa taga. Kullum kana huda bangon mutane."

Ya ce zai yi. Bari ya gama aikin da ke hannunsa. Da ya gama, wani ya shigo. Injin huda bango yana ɗaure a bayan babur ɗinsa, yana fita da shi da safe yana dawowa da shi da yamma, yana wucewa da shi ta ƙofar siton. Ba ƙin ubansa yake yi ba, ku fahimce ni. Yana gaishe shi, yana sayo masa magani. Gani yake lokaci ma irin yadi ne, in ya gaza za a ƙaro.

Ran nan bayan azahar yana kan tsani a wani gida, yana gyara wa labule ninki don ya kwanta daidai, sai wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce. Ta ce ya zo gida yanzu.

Ta ji bugu ne daga sito, a hankali, a tsaya, a sake. Ta ɗauka yara ne. Da bugun ya daina ta leƙa. Ta tarar da tsohon a zaune a kan gado, ya jingina da bango, gudumarsa a hannu. Sama da kansa ya ɓantare shafe kamar faɗin tafin hannu. Bulon da ke ciki ko tsagewa bai yi ba. Ginin da ya yi da ƙuruciyarsa ya fi ƙarfin tsufansa. Allah ya karɓi abinsa a cikin duhu, rana tana tsaye a waje.

A ranar falon ya cika. Mutane suka zo gaisuwa har titi ya toshe: leburorin da ya koya wa gini, masu turin ruwa, malaman makaranta, duk waɗanda suka sha gaisuwa ta tagar nan. Kujerun suka tare wuri, dole aka yi waje da su aka shimfiɗa tabarmi. Zafi ya ishi jama'a, wani ya miƙe ya yaye labulen. Rana ta shigo ɗakin kamar yadda ta saba.

Hajiya ma ta zo, wannan ne zuwanta na farko. Baƙuwar da ya daɗe yana mafarkin ta ga falonsa. Ta yi addu'a, ta dubi faɗin tagar ta ce, "A nan Baba yake kwana ko? Ai ya sami iska." Matar gidan ta rufe fuska da mayafi. Hajiya ta bi idon mutane, ta hango ƙofar sito a buɗe, da gadon ƙarfe a ciki. Tana juyowa kafaɗarta ta taɓa labulen. Ta kama bakinsa, ta murza zaren zinariyar da yatsa. Ta dube shi. Ta ce, "Allah ya ji ƙansa," ta fita.

Ba ta kai shi ƙara ba, ba ta aiko a karɓa ba. Wayarsa ce kawai ta yi shiru. Wa zai sake ba shi yadi? Wa zai bar shi ya shiga ɗakin uwarsa? Aka sayar da kujerun a wulaƙance. Babur ya bi su, keken ɗinki ya bi babur. Aka fara wayar gari ba a ɗora tukunya ba. Talaucin da ya yi ta laƙaba wa kansa yana cikin wadata, yanzu ya zo da kayansa ya zauna, ya nuna masa yadda kamanninsa suke.

Wanda ya ba ni labarin ya ce daga baya mutumin ya ɗauki gudumar nan, ya fara daga inda ubansa ya tsaya, ya fasa tagar. Bai sa mata labule ba. Kowace safiya rana tana shigowa ta kwanta a kan gadon ƙarfe, shi kuma yana zaune a ƙasa yana kallonta. In aka tambaye shi me yake roƙon Allah, ba ya ambaton falo. Cewa yake, "Ya mayar da mu yadda muke da, ko na yini ɗaya, muna cin abinci a ɗakin Baba."

Ya 'yan uwa, mutumin nan ba giya ya sha ba, ba caca ya yi ba. Raina ni'ima ya yi. Ya ari ma'aunin wani gida ya auna nasa, ya ga ya gaza, sai ya cike giɓin da numfashin mahaifinsa da amanar mutane. Mu ma yau ba sai mun hau tsani ba, wayar da ke aljihunmu tana shigar da mu falon masu kuɗi tun kafin mu wanke ido, mu fito muna cewa kowa yana da shi. Ƙarya ce. Je ka tsaya a ƙofar gidanka ka dubi layinku, su ne kowa. In kana da inda za ka kwanta, da abin da za ka ci, da lafiyar da za ka nema, ba a bar ka a baya ba. In kuma har yanzu akwai tsoho ko tsohuwa da ke tari a gidanka, to kana da abin da wancan mai labulen zai ba da idonsa ya samu.

Neman ƙari ba laifi ba ne, ka nema ta halal. Amma kafin ka sayi kujera, ka duba wa za a tasa don ta sami wuri. In ka koma gida yau, ka leƙa inda iyayenka suke kwana, ka ga ko rana tana shiga.

Allah ya sa mu gane ni'ima tun tana hannunmu. Allah ya ji ƙan iyayenmu, ya haskaka musu kabarinsu. Daga butulci da nadamar da ba ta da magani, Allah ya kiyaye mu baki ɗaya.