Burgu da Gudajin Sakwara

Ga ta nan, ga ta nanku, da zafinta daga turmi.

Ta zo mu ji ta kafin ta huce.

To, ku gyara zama. Wanda ya san cikinsa bai cika ba ya yi haƙuri da ni, tatsuniyar yau ta abinci ce.

A wani gari na namun daji an yi Burgu, namijin gafiya. Burgu ba shi da gona, ba shi da fartanya, ba shi kuma da niyyar mallakar ko ɗaya. Abin da yake da shi rami ne da ya gada wurin ubansa. Ramin ba wani kyau gare shi ba, da damina har yoyo yake yi, amma ko soron sarki aka ba Burgu ba zai yi musanye ba. Dalili, rumbun doyar gari a daidai kan ramin aka kafa shi. Rumbun kara ne, a ɗore kan duwatsu, gindinsa ya ɗan ruɓe. In Burgu ya kwanta rigingine ya miƙa hannu sama, sai doya.

Sarkin Noman garin kuwa Gwanki ne, dogo, mai ƙaho, marar son wargi. Sau uku yana kama Burgu da doya a baki. Na farko Burgu ya ce dubawa yake ko ta ruɓe. Na biyu ya ce hamma yake yi ta faɗo masa. Na uku Gwanki bai tsaya jin bayani ba.

"Burgu," in ji shi, "na rantse da ƙahona, ranar da aka sake kama ka da satar doyar jama'a, a ranar za a cike raminka da ƙasa, ka bar garin nan."

"Ranka ya daɗe," in ji Burgu, "ni da doya daga yau sai gaisuwa daga nesa."

Ana nan, ana nan, lokacin tonon doya ya zo, aka sa ranar gayya. A garin nan dafa doya kawai suka sani, a ci da mai da yaji. Amma Gwanki ya taɓa zuwa cin rani kudu, aka ba shi sakwara da miyar agushi, tun daga nan ba shi da hira sai tata. Ya ce bana sakwara 'yan gayya za su ci. Ya kira tsohuwa Beguwa, wadda ke yi wa gayya girki, da 'yar ƙanwarta Bushiya, ya ware musu doya goma sha biyu, manya-manya.

"Sarkin Noma, yaya ake yin ta?" in ji Beguwa.

"Fara ce, mai santsi. Ba a tauna ta, wucewa take yi."

"Na ji. Yaya ake yin ta?"

"Na ce miki fara ce."

Iyakar saninsa ke nan. A akushi ya same ta, bai taɓa leƙa madafi ba.

Ran gayya da safe aka buga ganga, kowa ya saɓa fartanya. Shi kuwa Burgu yana da wani ciwon baya mai biyayya, ba ya tashi sai ya ji gangar gayya. Ya fito yana ɗingishi, ya iske Beguwa ta yi tagumi gaban tulin doya.

"Gwaggo, lafiya?"

"Ina lafiya, ɗan nan? Shekara arba'in ina girki ba a taɓa dawo mini da akushi ba, yau zan ji kunya a kan abin da ban taɓa gani ba."

"Sakwara? Ai shekara bakwai na yi a ƙasar doya!"

Gaskiyar magana, barci ne ya taɓa kwashe shi cikin buhun doya, jaki ya kai shi kasuwar gaba. A can ya leƙo ta hujin buhu ya ga wasu mata suna daka sakwara. Rabin yini ne, shi ya zama shekara bakwai.

Beguwa ta roƙi Gwanki ya bar mata shi. Gwanki ya dubi Burgu, ya dubi doya, ya sake duban Burgu.

"Ka tuna rantsuwata?"

"Koyarwa zan yi, ranka ya daɗe. Malami ba ya cin allo."

Aka tafi gona, aka bar su su uku. Burgu ya hau kan kujerar tsuguno ya shiga ba da umarni. A fere, aka fere. A yanka, aka yanka. A dafa ba gishiri, aka dafa. Da ta yi laushi ya ce a zuba a turmi da zafinta, in ta huce ba ta dakuwa. Har nan duk gaskiya ya faɗa, shi kansa ya yi mamakin bakinsa.

Beguwa ta ɗauki taɓarya, Bushiya ta ɗauki taɓarya. Burgu ya jawo ƙwaryar ruwa ya zauna gindin turmi.

"Ni ne mai juyi," in ji shi. "Kuna daka, ina jiƙa hannu ina juyawa, ina cire gudaji. Amma Gwaggo, akwai maganar da ba a faɗa wa kowa." Ya rage murya. "Doya tana da dafi. In an dafa ta kawai, dafin barci yake yi. Taɓarya ce ke tashinsa, ya dunƙule ya zama gudaji. Wanda ya haɗiye, kumatu su kumbura, baki ya yi kumfa, kafin la'asar an yi masa sutura."

"Innalillahi!" in ji Beguwa.

"To in an cire sai a zubar a bola mana," in ji Bushiya. Yarinyar tana da kai.

"Kaji su tsattsaga su mutu? 'Ya'yan mutane su tsinta? Haba, ƙanwata. Ni a can aka dafa ni da magani. Ni zan haɗiye, saboda jama'a."

Beguwa ta share ƙwalla. Ta ce ashe ana zaune da mutumin kirki ba a sani ba.

Tim! Tim! Tim! Doya ta fara haɗewa, ta yi fari, ta yi danƙo, tana tururi.

"Tsaya! Gudaji!"

Ya jiƙa hannu, ya yanko loma, ya rufe ido kamar mai shan maɗaci, ya haɗiye.

"Sannu, ɗan nan."

"Ba komai, Gwaggo. Saboda jama'a."

Tim! Tim! Tim!

"Tsaya! Gudaji!"

"Yaya Burgu, ni fa santsi na gani a wurin," in ji Bushiya.

"Shi ne mugun. Mai ɓoyewa ke nan. Saboda jama'a."

Turmin farko, gudaji. Turmi na biyu, gudaji. A na uku har ya roƙi a ɗan ɗiga masa miya, wai tana rage kaifin dafi. Da ciki ya cika ya ƙi karɓa, mai hankali sai ya tsaya. Burgu bai tsaya ba. Ya tura a kuncin dama, ya tura a kuncin hagu, ya danna da yatsa, ya ƙara. Yana so ya ce "tsaya", bakin ya ƙi buɗuwa, sai ya riƙa ɗaga hannu kawai. Sakwara ta huce a kumatu, ta kama haƙora, ta liƙe dasashi. Ya so ya sulale zuwa rami ya sauke kaya, sai ga ganga tana matsowa. 'Yan gayya sun dawo.

Suka zube a inuwa, jiki duk ƙasa, ciki na kuka. Beguwa ta kawo akushi ta buɗe. Doya goma sha biyu ta zama malmala uku, kowace ba ta fi ƙwan zabo biyu ba.

Gwanki ya dubi akushi. Ya dubi Burgu, wanda kansa ya zama kamar an rataya masa goruna biyu.

"Burgu, buɗe bakinka."

"Mmm."

"Na ce buɗe bakinka. Ku kawo fartanya, yau za mu cike rami."

Burgu ya waiga. Ya hango raminsa can, da rumbu a kansa yana yi masa inuwa, ya ji kamar ya yi kuka. Sai dabara ta zo. Ya yanke jiki ya faɗi, ya shiga birgima, yana shure-shure, yana kafe ido. Sakwara ta fara tsattsafowa ta gefen baki, fara fat.

"Kumfa!" in ji Beguwa, ta ɗora hannu a ka. "Wayyo, kumfa! Ga kumburin, ga kumfar, yadda ya faɗa! Sarkin Noma, kashe shi za ka yi bayan ya sha dafi dominku?"

Ta kwashe labari kaf ta faɗa wa jama'a, ta ƙara da nata. Shi kuwa Burgu yana birgima yana haɗiya, birgima ɗaya loma ɗaya, har ya samu hanyar da murya za ta fita.

"Ku yafe ni," in ji shi, da ƙyar. "Dafin ya fi ƙarfin maganina. Doyar bana muguwa ce."

"Ƙarya kake," in ji Gwanki. "Ni na ci sakwara a kudu, ban ji wanda ya ambaci dafi ba."

"A akushi ka ci, ranka ya daɗe. Ka shiga madafi? Ka ga wanda ya cire maka?"

Gwanki kuwa bai taɓa shiga ba.

Burgu ya ja jiki zuwa turmi, ya laluba gindinsa, ya ɓanɓaro wani ɗan gudaji na gaske, wanda taɓarya ta tsallake. Ya ɗora shi kan ganye, ya miƙa da hannu biyu.

"Ga guda ya rage. In ƙarya nake, Sarkin Noma ya haɗiye a gaban jama'a. In ya kai la'asar lafiya, ni da kaina zan cike ramin."

Jama'a suka ja da baya. Gwanki ya dubi gudajin nan, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gujiya. A ransa ya san ƙarya ce. Kusan ya san ƙarya ce. Amma ya dubi kumatun Burgu, ya tuna yana da mata da 'ya'ya, kuma la'asar ba ta da nisa.

"Ba na jin yunwa," in ji Gwanki.

Sai guɗa ta tashi. Aka ɗauki Burgu aka kwantar kan tabarma, wannan na fifita, wannan na sa albarka. Waɗanda suka wuni suna tono da yunwa su ne ke layi suna yi masa godiya da ya cinye abincinsu.

To, da Burgu ya yi shiru a nan, da ya gama cin riba. Amma wanda bai san ƙoshi a turmi ba, ba zai san ta a magana ba. Ya hango gayyar baɗi, da ta baɗin baɗaɗa, ya ce bari ya kashe su gaba ɗaya.

"Abu ɗaya ke damuna," in ji shi, yana nishi. "Wanda dafin nan ya taɓa kayarwa, ko ƙanshin ɗanyar doya ya shaƙa, ciwon sai ya tashi. Ga shi ina son aikin gayya kamar raina, amma gonar doya ta haramta gare ni har abada."

Gwanki ya ɗago kai a hankali. Tun da ake a garin nan ba a taɓa ganin haƙoransa ba sai ran nan.

"Ko ƙanshinta?"

"Ko ƙanshinta, ranka ya daɗe."

"Jama'a, kun ji," in ji Gwanki. "Bawan Allah ya ba da ransa dominmu, mu kuma mun ɗora masa rumbun doya a ka, yana shaƙa dare da rana. Wannan butulci ne. Ku tashi."

"A'a, ranka ya daɗe, kada ku wahalar da kanku! Na saba da wannan!"

"Kwanta, ɗan nan, kada ka motsa," in ji Beguwa, ta danne shi da tsintsiyar hannu. "Ka yi naka, bari mu yi namu."

Majiya ƙarfi suka kewaye rumbu, suka zura itatuwa ta ƙasa, suka ce "ya Allah", suka ɗaga. Burgu yana kwance yana kallo rumbu ya bi hanya yana rangaji, ya gangara, ya haye rafi, aka kafa shi kan wani fa inda ko farce ba ya shiga. Aka sake masa sabon gindi. Hawaye suka zubo wa Burgu, na gaske wannan karon, jama'a suka ce dubi yadda godiya ta sa shi kuka.

Da yamma aka raka shi gida. Gwanki da kansa ya tsaya bakin ramin ya ce, "Ga raminka, Burgu, ba mai taɓa maka shi. Saboda jama'a."

Burgu ya shiga, ya kwanta rigingine, ya miƙa hannu sama yadda ya saba. Sai sararin Allah, da wani ɗan gajimare yana haɗa ruwa.

Daga ranar, duk gidan da aka daka sakwara, Bushiya ce mai juyi, ta kuwa iya. In ta cire gudaji, na gaske, mai tauri, sai a jira ya huce a ƙunshe a ganye a aika wa Burgu, tunda shi kaɗai aka dafa, kuma dafaffe ba ya ƙanshin ɗanya. Yana karɓa, yana godiya. Kumatun kuwa ba su koma ba, har yau jikokinsa da su suke yawo.

Ƙurunƙus, kan taɓarya. Ba don Burgu ya cinye ba, da na ɗebo muku malmala. Darasin kuwa, in za ku yi ƙarya ku yi guda ɗaya ku rufe baki, ta biyun ce ke ɗauke rumbu.