Wandon Barmo Maharbi

A can zamanin da, tun kurmin Dutsen Gwarje bai san gatari ba, akwai wani maharbi a gindin dutsen ana ce da shi Barmo. Kirarinsa shi ne: Barmo na Tasalla, ƙaya ta taka ka ta karye! Mutanensa ba su san wando ba, warki suke ɗaurawa. Nasa warkin na fatar damisa ne, gadon kakansa, an ce muddin yana ƙugunsa kibiya ba ta cin jikinsa.

Masu wando kuwa, a wurinsu, mahara ne. Sukan ɓullo daga arewa bisa dawakai, da buje mai faɗi, su kwashi mutane su ɓace. Wata shekara da kaka suka tafi da Kande, 'yar da Tasalla matar Barmo ta haifa masa, ita ke nan gare su.

Barmo ya kama wani doki da maharan suka bari, ya bi sawu. Kafin rana ta yi tsaka cinyoyinsa sun saluɓe, ya dawo yana jan doki, yana tafiya kamar agwagwa. Tasalla ta gasa masa ciwon, ta ce, "Maigida, ba ƙarfi suka fi ka ba. Abin nan da ke ƙafafunsu ne."

Ta yanka zanen saƙin da ta tanadar wa Kande, ta ɗinka masa wando da shi a ɗaka, ƙofa a rufe. Ina za ta bari a ji cewa gidan Barmo ana ɗinka rigar ƙafar abokan gaba? Ko maƙwabciyarta ba ta gaya wa ba. Da ta gama, sai ga matsala: wando bai shiga bisa warki. Barmo ya daɗe yana duban fatar kakansa, sannan ya kwance ta ya miƙa mata.

"Ajiye mini. In na dawo na karɓa."

Ya fita ta bayan gari, ba wanda ya gani. Damina ta shige, Tasalla kullum tana bakin hanya.

Wata safiya mai raɓa aka hango mahayi ɗaya tafe a guje, wando yana kaɗawa. Maharban da ke gadi, waɗanda Barmo da kansa ya koya wa haɗa dafi, ba su tsaya tambaya ba. Tasalla ta gane ɗinkinta tun daga nesa. Ta ruga tana kururuwa, amma kibiya ta riga muryarta.

Barmo ya faɗo a gindin wata tsamiya, ta tallafo kansa. Ya ce, "Na ga Kande. Tana da rai. Ku tara maza, tana can..." Dafin ya riƙe harshensa. Ai dafin kirki ne, shi ya koyar.

Shekara da shekaru aka yi ana aika maza gabas da arewa, ba a samo ko labarinta ba. Tasalla ta tsufa da warkin a ƙarƙashin tabarmarta, da sanin cewa 'yarta na nan wani wuri tana jira. Wannan ya fi mutuwa ci mata rai.

Yau kowa a Gwarje wando yake sawa. Amma duk ɗan garin da ya dawo daga tafiya, in ya iso tsamiyar da Barmo ya faɗi a gindinta, sai ya sauka ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa, ya kira sunan kansa da ƙarfi don a san ɗan gari ne. Tsofaffi mata kuma har yanzu sukan tambaye shi ko ya ji labarin Kande.