Tasalla da Rigunan Sama

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Baba, mun kasa kunne.

Wata shekara ruwa ya ƙi sauka. Rijiya ta ja baya, kowane gida tulu ɗaya yake samu. A ƙarshen gari akwai wata yarinya, Tasalla, da kakarta Iya Barmani, wadda zazzaɓi da ƙishirwa suka kwantar.

Rannan da hantsi sai ga wata tsohuwa da ƙunshin wanki, tana tafe ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Gidan farko aka ce babu ruwa. Gida na biyu aka ce babu sabulu. Ta iso na uku, gidan su Tasalla, ta ce:

"'Yar nan, wanke mini kayan nan."

Tasalla ta so ta ƙi, domin in ruwan tulun nan ya ƙare, Iya ba za ta kai gobe ba. Amma Iya ta ce, "Ba a korar baƙuwa. Yi mata, ki dai yi tattali."

Tasalla ta kwance ƙunshi. Riguna uku ne, duk sun yi buɗu-buɗu. Ɗaya fara, mai laushi kamar auduga. Ɗaya ja, mai ɗumi. Ɗaya baƙa ƙirin, mai nauyi, ana jin gurnani a cikinta.

Ƙadangare ya gyaɗa kai daga kan katanga. "Zuba su duka a ƙwarya, ki huta!"

Tasalla ta ce, "Kai da ba ka taɓa sa riga ba? In baƙar ta yi zuba, wa zai fid da farar?"

Ta ware su, ta ɗauki guntun sabulun salo, tana waƙa:

Fara a gaba, ja na biye,
Baƙa ki jira, ruwa ɗaya ne.

Ta wanke fara, ta matse a cikin ƙwarya, ko ɗigo bai faɗi ƙasa ba. Ta shanya a rana. Riga ta yi sama a hankali, ta zama gajimare.

Da ruwan nan dai ta wanke ja, ta shanya a inuwa don kada ta koɗe. Riga ta sulale yamma, ta kwanta a gefen sama.

Ta tsoma baƙa. Baƙa ta shanye ruwan ƙwarya. Ta ƙara na tulu, riga ta shanye shi ƙaf.

Daga ɗaki Iya ta ce, "Tasalla, ruwa."

Wayyo, tausayi! Yarinya ta kama riga tana kuka. Ta murɗa, shiru. Ta sake murɗawa, riga ta yi tsawa. A ta uku, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Tsohuwa ta yi dariya, ta zura jiƙaƙƙiyar rigarta, ta hau sama. Tasalla ta tara moɗa a indararo, ta ɗago kan Iya, Iya ta sha har ta ce, "Ƙaro."

Ku ma in za ku yi wanki, ku ware kaya, ku fara da fari, kada ku zubar da ruwan da bai gama aikinsa ba.

Ƙurunƙus, ta tafi kan ɗan ɓera. Kowa ya naɗe tabarmarsa.