Waziri Gayus da Azumin Bishof Biyu

A zamanin da, bayan manzannin Almasihu sun kwanta dama amma waɗanda suka ji wa'azi daga bakinsu ba su ƙare ba, an yi wani sarki a wata ƙasa tsakanin Afisa da Antakiya, ana ce masa Arkibus. Shi da talakawansa duk masu bi ne, ga wadata, ga zaman lafiya. Abu ɗaya ya hana shi sakat, wato azumin da ake yi kafin Idin Tashin Almasihu.

Bishof biyu ne ke shugabancin ikilisiya a birnin. Bishof Karbus, wanda ya yi karatu a Afisa, yakan yi idinsa ran sha huɗu ga wata, daidai da Idin Ƙetarewa na Yahudawa, ko wace rana ce. Bishof Linus kuwa, tashin Roma, ya ce ba idi sai Lahadin da ke biye. Don haka mutanen Karbus kan riga ɗaukar azumi, su kuma riga ajiyewa. Sarki, gudun kada a ce ya fifita wani, sai ya riƙa ɗauka da na farko, ya ajiye da na ƙarshe. Abin tausayi, yana zaune gaban busasshiyar gurasa da gishiri, iska na kawo masa ƙanshin gasasshen rago daga unguwar mutanen Karbus.

Wazirinsa, Gayus, shi ma da duka biyun yake tafiya, sai dai ta wata hanyar. Yakan ɗauki azumi da masu jinkiri, ya ajiye da masu sauri, ran Lahadi kuma ya wanke hannu ya je ya ci idi na biyu.

Wata shekara yunwa ta kai Sarki bango. Ya dubi Waziri ya ce, "Yaya azumi ke ramar da ni, kai kuwa kana ta sheƙi?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, alherin Ubangiji ne."

Sarki ya ce, "To, da wannan alherin za ka haɗa mini kan bishof ɗin nan. In ba su zo gabana da baki ɗaya ba, ka ajiye rawaninka."

Hankalin Waziri ya tashi. In sun shirya, ya rasa garaɓasarsa, in ba su shirya ba, ya rasa rawani. Ya je wurin Karbus a ɓoye ya ce, "Baba, ni naka ne, ka ɗan sassauta don ni." Ya zaga wurin Linus, ya faɗa masa haka nan. Maimakon su sassauta, kowa sai ya ƙara kafewa, tunda yana ganin Waziri na bayansa.

Ranar zama fada ta cika. Karbus ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, daga Manzo Yahaya muka gaji ranarmu, ba zan sake ta ba."

Linus ya ce, "Mu kuma daga garin da Bitrus da Bulus suka ba da ransu. Ran Lahadi aka sami kabari ba kowa."

Aka yi ta ja, wannan ya kawo aya, wannan ya kawo dattijo, har makogwaro ya bushe. Can sai Karbus ya ce, "A tambayi Waziri mana. Kowace shekara shi ne na farko a kan akushin ragona."

Linus ya ce, "Wane Waziri? Ai da ni yake ɗaukar azumi. Ranar da kuke fara naku, yana gidana yana suɗar ƙashi. Ran idina kuma cinya tasa ce."

Waziri ya sunkuyar da kai yana gyara bakin riga. Tsofaffin nan biyu suka dubi juna, suka dubi tumbinsa, sai dariya ta ƙwace musu, har Karbus ya dafa kafaɗar Linus don kada ya faɗi. Rabonsu da taɓa juna an daɗe.

Da suka natsu, Linus ya ce, "Ranka ya daɗe, muna ta musun rana, tunkiya na kiwo a gona biyu ba mu sani ba. Magabatanmu ma sun saɓa a kan wannan, amma suka ci Jibin Ubangiji tare. Kowa ya riƙe ranarsa, mu riƙa aika wa juna gurasar Jibin. Kai kuma ka bi ɗaya bana, ɗaya baɗi, ba mai jin haushi."

Karbus ya ce, "Na yarda. Mun kuma yarda Waziri yana da ramuwa."

Waziri ya yi wuf ya faɗi gaban Sarki. "Allah ya ja zamaninka, baki ɗaya ka ce, ga shi sun zo da shi, har sau biyu."

Sarki ya yi murmushi ya ce, "Gaskiyarka, rawaninka ya tsira. Amma azumin nan nawa mai tsawo ba za a bar shi ba mai yi ba. Daga bana ka gaje shi: ka ɗauka da na farko, ka ajiye da na ƙarshe, a nan gabana."

Haka kuwa aka yi. Birni ya zauna lafiya, Sarki ya murmure, Waziri Gayus ya mutu da rawaninsa a ka. Rigunansa ne dai, tun a shekarar farko, aka kai wa maɗinki ya rage.