Robar da Guguwa Ya Raina

Akwai wani makaniki da ake yi wa laƙabi da Guguwa. Ya iya aiki, amma ba shi da haƙuri ko kaɗan. Kafin ya ɗaure notin ƙarshe, hankalinsa ya riga ya koma kan wata motar.

Wata rana mijin ƙanwarsa ya kawo masa a-kori-kurar da yake ratsa duwatsu da ita zuwa gona. Yana so a ɗaga ta, don cikinta ya daina gogar ƙasa. Guguwa ya sa dogayen sifirin, ya ɗaura manyan tayoyi, mota ta miƙe kamar raƙumi.

Saura abu ɗaya. A saman aksul, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi, akwai wata roba mai kauri da ke tare jikin mota idan ta faɗa rami, don kada ya sauko ya danne taya. In an ƙara girman taya, dole a sa doguwar roba, a tura aksul sama da jak a tabbatar robar ce ke fara taɓawa. Dogayen robobin kuwa ba su iso kanti ba.

Da mijin ya zo ɗaukar mota tare da matarsa, ya ce, "Yaya, ko in bar ta har robar ta zo?"

"Haba, don 'yar wannan? Motar ma ba ta san tana jikinta ba. Ja abarka."

Lokacin girbi suka ciko ta da buhuna, mijin na tuƙi, matar na gefensa. A gangara tayar gaba ta faɗa rami. Jikin motar ya sauko, bakin ƙarfe ya yanke tayar, ta fashe. Sitiyari ya ƙwace, mota ta wuntsila.

Ƙanwar ta karye a hannu. Mijin ya rayu, amma ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba.

Guguwa ya leƙa ƙarƙashin motar da aka janyo. Gajeriyar robar ko ƙwarzane ba ta yi ba. A asibiti ya tarar da ƙanwarsa a baranda.

"Ina tsaye ya ce a bar ta, Yaya," in ji ta a hankali. "Shiga ka gaishe shi. Har yanzu cewa yake laifin ramin ne."

Guguwa ya kama hannun ƙofa, ya kasa murɗawa.

Darasin a fili yake: duk wanda aka danƙa wa aikin da rayuka ke hawa kansa, kada ya raina ƙaramin abu, kada kuma ya sallami aikin da bai gwada ba. Jiran da ya ƙi yi gajere ne, amma wanda ya amince da shi zai iya ɗaukar sakamakon har ƙarshen rayuwarsa.