Yatsun Orval Stoddard

A shekarun 1950, a wani garin masu narka ƙarfe a jihar Ohio, an yi wani ɗan wasan ƙwallon gora mai suna Orval Stoddard. Aikinsa shi ne ya tsuguna a bayan mai dukan ƙwallo, ya nuna wa mai jifa da yatsu irin jifar da zai yi, sannan ya cafe. Ya iya aikin, ba a raba shi da wannan. Amma girman kansa ya fi ƙarfin hularsa. A wurinsa duk mai jifa jaki ne da Allah ya ba hannu, shi ya sa bai taɓa tashi ya je shawara da ɗayansu ba.

Ranar wasan ƙarshe na shekara, wakilin wata babbar ƙungiya ya zo takanas don ya ga Orval. Gwiwoyin Orval sun fara gajiya, ya kuma san in wannan dama ta wuce, ta wuce ke nan.

Ana cikin wasa, wani ɗan ƙungiyar hamayya ya kai tasha ta biyu da ke bayan mai jifa, daga inda yake hango yatsun Orval sarai. Duk alamar da ya gani, sai ya taɓa hula ya sanar da mai duka. Mai jifa, Lyle Brandvold, ya lura, ya yafito Orval.

"Zo mu sauya alamun nan, ana karanta ka!"

"Ni zan taso in zo wurinka?" in ji Orval, ya tofar da ruwan taba. "Jefo abin da na ce, baƙauye. Wa ya tambaye ka tunani?"

Lyle ya jefo, mai duka ya ɗirka ƙwallo har bayan katanga. 'Yan kallo suka hau zagin Lyle, Orval na taya su.

Ran Lyle ya ɓaci. Orval ya nemi jifa mai lanƙwasa ƙasa, Lyle kuwa ya sako miƙaƙƙiya da iya ƙarfinsa don kada a sake dukanta. Ta shammaci Orval, ta same shi a hannun dama da ba safar kariya, ji kake ƙas! Yatsu uku suka karye.

Yana birgima a ƙasa Lyle ya iso kansa.

"Da ka zo, da na gaya maka."

Wakilin ya sa hularsa ya fita tun ba a tashi ba. Orval ya ƙare rayuwarsa yana zuba mai a motocin mutane, ko maɓallin rigarsa sai matarsa ta ɓalla masa.

Darasin a nan shi ne, kada ka raina abokin aikin da lafiyarka ke hannunsa. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, kuma girman kai rawanin tsiya ne.